Hancin Kare da Amanar Mai Riƙe da Igiya

'Ya'yana samari da 'yan mata na birnin Katsina. Maganar da na zo da ita yau ta kare ce. Na san wani tun bai ji sauran ba zai yamutsa fuska, don a wajenmu kare ba abin a zauna a yi zancensa ba ne, a lungu ake ganinsa yara na binsa da jifa. To ku ba ni aron hankalinku. Akwai sana'ar da duniya ta gina a kan hancin wannan dabba, sana'ar da ke kama masu fataucin ƙwaya, take tono nakiyar da aka binne, har ta fara leƙawa harkar lafiya. Abin da nake so ku riƙe ɗaya ne: a wannan aiki ba kasafai hancin kare ke ba da kunya ba. Mutumin da ke riƙe da igiya shi ne abin ji, kuma ilimin kimiyya ne ke hana shi yaudarar kansa.

Ku dubi inda Allah ya ajiye mu. Ka kama hanyar Jibiya, kafin ka gaji da zama ka isa Magama, ka tsallaka sai Maraɗi. Ta ɓangaren Daura ga Kwangwalam. Motoci na shiga suna fita maƙare da buhuna da katan-katan, kuma mafi yawan masu kayan halalinsu suke nema. Amma ba a rasa wanda ya cusa kwalin tiramadol a ƙarƙashin hatsi, ko ƙunshin tabar wiwi a cikin taya. Rahoton 2018 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Babu jami'in da zai iya sauke kowace tirela ya kwance kowane buhu. Shi ya sa hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda aka kafa a 1989, take da sashen karnuka masu sansano kaya a filayen jiragen sama da tashoshin jiragen ruwa, 'yan sanda ma suna da nasu. A cikinku akwai wanda zai sa kaki a miƙa masa igiya, akwai mai zama likitan dabbobi, akwai lauya da alƙali. Wanda bai zama ko ɗaya ba, matafiyi ne, wata rana za a sansana jakarsa.

Kafin mu yi nisa, bari in kawar da abin da ke yi wa wasu nauyi a zuci. Addininmu bai jahilci kare mai horo ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, hadisai kuma sun ba da izinin ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona, har malamai da dama suka yi ƙiyasin aikin tsaro a kan haka. A mazhabar Imamu Malik da muka tashi a kanta, jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Sauran hukunce-hukuncen ku koma wa malamanku. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, malaman fiƙihu ba su wadatu da faɗar mai kare cewa karensa ya ƙware ba. Sun sa alamomi: a sake shi ya tafi, a tsawata masa ya tsaya. Wato sai an gwada an gani. Ku riƙe wannan, don shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa.

To mu koma kan hancin da kansa. A can cikin hanci akwai wata shimfiɗa mai laima, a kanta ƙwayoyin jin wari suke jere. Bisa ƙiyasin da masana suka fi ambata, na ɗan Adam ba su wuce miliyan 5 zuwa 6 ba, na kare kuwa sun haura miliyan 200, a wasu jinsunan har kusan miliyan 300. Ba a yawa kaɗai ya fi mu ba, har da tsarin hancin. Idan kare ya shaƙi iska sai ta rabu biyu: mafi yawanta ta wuce huhu, wani kaso ya hau wani lungu na musamman inda ake tantance wari. In kun sami dama ku lura da hancinsa daga ɗan nesa, za ku ga tsaga a gefen kowace ƙofa. Ta nan yake fitar da numfashi, gefe da baya, don kada ya hure abin da yake sansanawa, hasali ma fitar iskar tana janyo masa sabon wari daga gaba. Idan aiki ya yi aiki yakan ja iska kamar sau biyar a daƙiƙa ɗaya, kuma kowace ƙofar hanci tana ɗaukar nata daban, shi ya sa yake gane ta ɓangaren da warin ya fi ƙarfi ya juya can.

Kowane abu yana sakin wani tururi da ido ba ya gani. Tururin yana ratsa leda a hankali, yana manne wa hannun wanda ya ƙunshe kayan, da zif ɗin jaka, da ƙofar mota. Masu fasa-ƙwauri kan lulluɓe kayansu da barkono, ko daddawa, ko busasshen kifi, ko su yayyafa fetur, suna auna hancin kare da nasu. Warin da aka ɗora ba ya goge na ƙasa, kare mai horo yakan tsamo wanda aka koya masa daga cikin tarin.

Yanzu ga wata jita-jita da nake so ku daina yaɗawa. Ana cewa wai ɗura wa karen ƙwaya ake yi har ya kamu, shi ya sa yake nemanta. Ba haka ba ne. Ƙwayar guba ce gare shi, tana iya kashe shi. Abin da yake nema ƙwallonsa ne. Tun daga binciken Ivan Pavlov, masanin Rasha da ya karɓi lambar Nobel a 1904, da na waɗanda suka biyo bayansa, an fahimci cewa dabba tana haɗa abu biyu a ƙwaƙwalwarta idan suna zuwa a jere, kuma tana maimaita duk abin da ya jawo mata lada. Ga yadda ake yi. A jera gwangwanaye masu huda a murfi, iri ɗaya, ɗaya ne kaɗai ke da samfurin abin da ake nema. A shigo da kare. Ya sa hanci a na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Yana isa na ukun sai ka ga wutsiyar ta canja kaɗawa, bakin ya rufe, numfashin ya koma sauri-sauri, ya ƙame. A wannan ƙiftawar idon mai horarwa zai jefa masa ƙwallo ya yaba masa da murya. In ya makara har karen ya juyo ya kalle shi, to ya koya masa kallon fuska ke nan, ba sansano ba. Daga baya a koya masa ya zauna ya kafa wa wurin ido ba tare da taɓawa ba, domin karen da ke neman bam in ya kai farce, shi da ubangidansa ba mai ba da labari.

A nan ne kimiyya ke fara tona asirin sakaci. Kare yana koyon warin da aka ba shi lada a kai ne, ba wanda mai horarwa ke da shi a zuci ba. In kullum a leda iri ɗaya ake ƙunshe samfurin, zai koyi warin leda. In kullum mutum ɗaya ne ke ɓoyewa da hannunsa, zai koyi bin sawun mutumin. Don haka ake canja mazubi, a sa safar hannu, a jera ledoji marasa komai, a bar wasu ɗakunan fayau don ya saba da cewa ba kullum ake samu ba. Duka kuwa ba ya ƙara masa basira, tsoro yake sa masa, karen da ke tsoro kuma hankalinsa na kan sanda.

Sai babbar maganar. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a birnin Balin na Jamus, sunansa Hans, wanda mai shi, Wilhelm von Osten, ya ce ya iya lissafi. A tambaye shi uku a tara da huɗu, ya buga kofato sau bakwai ya tsaya. Jama'a suka yi ta tururuwa, kuma mai dokin da zuciya ɗaya ya yarda da abin da yake faɗa. Sai wani masani, Oskar Pfungst, ya tsara gwaji, ya wallafa sakamakonsa a 1907. Ya gano cewa idan mai tambayar bai san amsa ba, ko an kāre idon dokin daga ganinsa, lissafi ya rushe. Ashe mai tambaya kan ɗan sunkuya idan doki ya fara bugawa, ya ɗan saki jiki idan an kai adadin, bai ma san yana yi ba, dokin kuwa wannan yake karantawa. Mu Katsinawa bai kamata abin ya ba mu mamaki ba. Garin da ya yi suna a wasan folo tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo ya san cewa doki na jin nufin mahayinsa ta matsin gwiwa tun bai ja linzami ba. Igiyar kare ma haka take isar da saƙo.

A 2011 wata masaniya mai suna Lisa Lit da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka wallafa wani gwaji da ya girgiza masu wannan sana'a. Sun gayyaci ƙwararrun karnuka 18 da masu riƙe da su, suka ce musu an ɓoye ƙwaya ko abin fashewa a wasu ɗakuna, kuma a wasu wuraren an manna jar takarda a matsayin alama. Gaskiyar magana ba a ɓoye komai irin wannan ba. An yi bincike sau 144, aka samu nuni na kuskure har 225, kuma kuskuren ya fi taruwa a inda aka manna jar takarda, fiye ma da inda aka ɓoye nama da ƙwallo don jan hankalin karnukan. Kare bai san ma'anar jar takarda ba. Ubangidansa ne ya sani. Ya rage tafiya a wurin, ya riƙe numfashi, ya sake nuna masa kusurwar, kare mai son faranta wa mai shi ya zauna.

Ku yi tunanin wannan a bakin shinge. Jami'i ya kalli wani saurayi, askinsa bai yi masa ba, ko ya ji harshensa na wani gari ne, zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci. Zatonsa ya bi igiya ya sauka a wuyan kare, kare ya zauna, sai a ce ai dabba ba ta ƙarya. Alhali zaton mutum ne ya dawo masa ta bakin wanda ba ya magana. Iyayenmu sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda zai kai ɗan wani ɗakin tsaro.

Maganin da masana suka samo ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, gaskiya yake buƙata. A riƙa jarraba kare da mai shi a yanayin da shi mai riƙon bai san inda aka ɓoye abu ba, wanda ke tsaye yana sa maki shi ma bai sani ba, sai an gama a buɗe takarda. Kuma a ajiye littafi. Ranar kaza, ƙarfe kaza, zafi kaza, kare ya nuna aka samu. Ranar kaza ya nuna ba a samu komai ba. Ranar kaza ya wuce abin da aka ɓoye. Duk mai kare yana son ba da labarin ranar da aka yi babban kamu, ba mai son rubuta ranar da aka kwance kayan bayin Allah a banza. Ɗana, in Allah ya sa kai ne mai igiyar, wannan shafin da ba ka son rubutawa shi ne ma'aunin amanarka.

Ko da kare ya yi daidai, nuninsa hannunka-mai-sanda ne, ba hukunci ba. Yana iya jin warin abin da aka ɗauke tun jiya, a motar haya da mutum ɗari suka shiga. Abin da aka samu sai ɗakin gwaje-gwaje ya tabbatar da ko mene ne. Sannan hanci ba ya faɗin mai kaya. Da yawanku kun tuna wata ɗalibar jami'a a Kano da aka kama a Saudiyya a Disambar 2018, lokacin da ta je Umara, saboda wata jaka mai ɗauke da tiramadol da aka liƙa wa sunanta. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya nuna wasu ne suka yi mata wannan aika-aika ba da saninta ba. Ƙwayar da ke jakar gaskiya ce, amma yarinyar ba ta da laifi. Tsakanin waɗannan biyun aikin mai hankali yake. Ku kuma matafiya, kada kunya ta sa ku karɓi saƙon da ba ku buɗe kun gani ba.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa hukuncin. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake sanyaya jikinsa. In ya zaro harshe yana haki, iska ta baki take bi, ba ta hawa lungun da ake jin wari. An auna wannan a Jami'ar Tel Abib a 2003, aka ga karnukan neman bam sun rage ƙwazo bayan an sa su gudu. To ina ga Katsina a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40? Karen da aka tsayar a rana tsaka yana haki, ana zagaya mota da shi, ado ne kawai, mai fasa-ƙwauri ya wuce yana dariya a ciki. Hunturu kuma ya zo da ƙura da bushewar iska, alhali wari ya fi zama inda ke da laima. Mafarautanmu sun san wannan tun ba a rubuta ba, shi ya sa sawu ya fi biyuwa da sanyin safiya. Mai ilimin aikin yakan sa karensa aiki na ɗan lokaci ya hutar da shi a inuwa, ruwa na kusa. Yakan ɗora bayan hannunsa a kwalta, in shi bai iya jurewa ba, to tafin kare ma ba zai jure ba. Yakan lura da inda iska ke kaɗawa, ya fara daga inda take nufa. Yakan duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska.

Rigakafin haukan kare kuwa ba abin wasa ba ne, domin cutar in ta bayyana a jikin mutum da wuya a tashi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, tana haɗa allurar karnuka. Wanda kare ya ciza, ko ya yaƙusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ya ga abin da zai faru.

Masu sha'awar karatu, ƙofar a buɗe take. A 2018 masana daga Jami'ar Durham ta Ingila da abokan aikinsu a Gambiya suka bayyana wani gwaji: 'yan makaranta suka kwana da safa a ƙafa, aka daskarar da safunan aka kai Ingila. Cikin yara 175, 30 na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ba tare da sun kwanta ba. Karnukan da aka horar sun gane kashi 70 cikin 100 na masu ɗauke da cutar, da kashi 90 na marasa ita. Ku lura, masanan ba su ɓoye cewa uku cikin goma sun kuɓuce ba, kuma sun ce aikin somin-taɓi ne. A Morogoro ta Tanzaniya kuwa, ƙungiyar APOPO tana horar da 'yar'uwar gafiyar nan da yaranmu ke haƙa a bayan gari. Gafiyar tana sansano nakiya ba ta tayar da ita saboda rashin nauyi, tana kuma sansano tarin fuka a cikin kakin marasa lafiya, sannan a sake tabbatarwa a ɗakin gwaji kafin a gaya wa mutum yana da ciwo.

Mafi yawan binciken da ake dogara da shi an yi shi ne a ƙasashe masu sanyi, da karnukan da aka haifa a can. Minti nawa kare zai yi aiki a zafinmu kafin hancinsa ya gaza? Yaya ƙurar hunturu ke shafarsa? Karnukan mafarautanmu, da suka saba da rana da ƙaya, za su iya wannan aiki in an fara da su tun suna ƙwikwiyo? Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibin sinadarai ko na ilimin halittu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-ma zai iya ɗauka, ya haɗa kai da masu karatun likitan dabbobi a Zariya ko Sakkwato. Kada ku ce namu ba za su iya ba, kada kuma ku ce sun fi na kowa. Ku gwada, ku rubuta abin da ya fito. Kuma ku je ku zauna da tsofaffin mafarauta da ladabi tun suna raye, akwai abin da suka sani game da iska da sawu wanda ba ya cikin littafi. Karen bana shi ke maganin zomon bana, amma sai ya ji daga na da.

'Ya'yana, kada ku raina sana'a don abokin aikin da ke cikinta. Mutumin da ya tare katan ɗaya na ƙwaya kafin ta shiga unguwa ya share hawayen iyaye mata da bai taɓa gani ba. Amma duk wanda aka ba wa wannan igiya ya sani an ba shi amana biyu: dabbar da ba ta iya cewa ta gaji, da mutumin da ke tsaye a gabansa wanda mutuncinsa ya rataya a kan zaman kare ko wucewarsa. Ya ciyar da na farkon ya tausaya masa, ya yi wa na biyun adalci, ya yarda a jarraba shi kansa kamar yadda ake jarraba karen. Allah ya tsare mana ku daga sharrin ƙwaya da masu fataucinta, ya ba ku ilimi mai amfani da sana'a ta halal, ya zaunar da Katsina da ƙasarmu lafiya. Amin.